Eriyar katako mai ƙara wa rediyo ji

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, muryar FM ba ta yin nisa da gari. Mu da ke ƙauyuka masu nisa mukan koma ga matsakaicin zango, wanda ake rubutawa AM, MW ko PO a jikin rediyo, daga lamba 531 zuwa 1602. Sau da yawa kuwa shuuu ke danne magana, daidai lokacin da ake sanar da saukar damina ko ranar rigakafin dabbobi. Sai mu ɗora wa pil laifi, alhali eriyar da ke cikin akwatin ce ƙarama, tsawonta bai wuce yatsa ba.

Muna iya yi mata mataimakiya da hannunmu. A sa kafinta ya haɗa katako huɗu kamar bakin taga, kowane gefe santimetir 60. A samo siririyar wayar jan ƙarfe mai rufi, wajen metir 34. Ta cikin matacciyar fanka ma ta isa. A naɗa ta a bayan katakon sau 14, ana barin rabin santimetir tsakanin zagaye da zagaye, kada wani ya hau wani.

Saura abu guda, wanda in babu shi aikin banza ne: kondansater, wato abin da ke juyawa in muna neman tasha. Mai gyaran rediyo zai ciro mana shi daga tsohon akwati. A kankare bakunan wayar biyu har su yi ƙyalli, a liƙa masa su da dalma.

Ba a haɗa eriyar da rediyo da wata waya. A kama tasha, a ajiye rediyon dab da katakon, a riƙa murɗa kondansater sannu sannu har murya ta taso. In tashoshin manyan lambobi sun ƙi fitowa, a warware zagaye ɗaya. In na ƙananan lambobi ne, a ƙara. Sannan a juya katakon: gefensa ne ke son duban garin da tashar take, ba fuskarsa ba. Da dare zangon nan ya fi tafiya nesa.

A nisantar da ita daga cajar salula da na'urar sola, don su ma suna kawo shuuu. Mun fi amincewa da ita bisa doguwar wayar da yara ke ɗaurawa a bisa itace, gama waccan tana iya jawo aradu da damina, wannan kuwa cikin ɗaki take zama.