Zaɓen Gidan Iyali a Shiryayyun Unguwanni na Bayan Gari

Tun daga shekarun 1970 biranen Nijeriya suka fara cika suna batsewa, har muhalli ya zama babban abin da ke damun magidanta. Saboda haka ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a shekarar 1973, domin gina rukunin gidaje a bayan gari bisa tsari. Unguwar Festac da ke Legas an gina ta ne domin saukar baƙin bikin al'adun baƙar fata na 1977, bayan an watse kuma aka raba gidajenta ga jama'a ta hanyar ƙuri'a. Irin wannan tsari ne ya haifar da Gwarimpa a Abuja. A yau kamfanoni masu zaman kansu ma sun shiga wannan sana'a ƙwarai. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna wa magidanci abubuwan da ya wajaba ya bincika kafin ya zuba gumin shekarunsa a kan gida.

TAKARDUN MALLAKA

Wannan shi ne tushe. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana a madadin jama'a. A Babban Birnin Tarayya kuwa Ministan Abuja ne ke gudanar da wannan iko. Ashe ke nan abin da mutum ke saye shi ne haƙƙin zama da amfani da fili na wani wa'adi, galibi shekara 99, shaidarsa kuwa ita ce takardar da aka fi sani da C of O.

Akwai abu biyu da ke yawan jefa mutane cikin nadama. Na farko, doka ta ce ba a sayar da wannan haƙƙi ko a jinginar da shi sai da amincewar Gwamna, cinikin da aka ƙulla ba tare da ita ba kuwa ba shi da ƙarfi a gaban shari'a. Na biyu, sau da yawa kamfani yana da takarda guda ce tak ta dukan filin unguwar. Idan ya jinginar da ita a banki ya ci bashi, sa'an nan ya kasa biya, rigimar za ta iya shafar kowane gida da ke cikin filin, har da na wanda ya biya kuɗinsa cif. Don haka rasit da takardar ba da gida kaɗai ba su wadatar ba. A ɗauki lauya ya bincika a ofishin rajistar filaye na jiha, ko a ofishin AGIS idan a Abuja ne, ya tabbatar da sunan mai filin, da cewa babu jingina ko shari'a a kansa. A kuma nemi ganin taswirar unguwar wadda hukumar tsara birane ta amince da ita. Gidan da aka gina a kan hanya, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko a filin da aka ware wa makaranta, ƙarshensa rusau.

ZIYARAR GANI DA IDO

Gani ya kori ji. Kada hoton talla ya ruɗi mai saye. Lokacin da ya fi dacewa a duba gida shi ne tsakiyar damina, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. A sa'an nan ne za a ga inda ruwa ke kwanciya, da ko magudanu da kwalbatoci suna aiki, da rufin da ke yoyo. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna irin hasarar da ke samun waɗanda suka zauna a kwari ko a bakin rafi. A duba gindin bango ko akwai alamar danshi ko tsagewa. A tambayi mazauna unguwar, ban da dillali, game da ruwan sha, da wutar lantarki, da kwashe shara, da tsaro.

NISA DA BUKATUN IYALI

Gidan bayan gari ya fi araha, amma nisa ma kuɗi ne. Magidanci ya gwada tafiya daga unguwar zuwa wurin aikinsa da sassafe a ranar aiki, ya lissafa kuɗin mota na wata guda, nasa da na yara 'yan makaranta. Ya san nisan asibiti, da kasuwa, da wurin ibada.

Haka kuma tsarin ginin ya dace da zaman iyalinsa. Yawancin waɗannan gidaje an zana su ne domin miji da mata guda da 'ya'ya kaɗan. Mai iyali da yawa, ko mai riƙon tsofaffi, ya duba ko akwai inda baƙi maza za su zauna ba tare da sun ratsa cikin gida ba, da tsakar gida inda mata za su yi girki da shanya a sake. Ya kuma karanta ƙa'idojin unguwar tun da wuri, domin wasu sun hana ƙarin ɗaki, ko ɗaga katanga, ko kiwo, ko buɗe kanti a gida.

LISSAFIN KUƊI

Ban da farashin gida akwai ladan lauya da na dillali, da kuɗin rajista da hatimi, da kuɗin ƙasa na shekara-shekara, da kuɗin hidimar unguwa na masu gadi da gyaran hanya. Wanda ba shi da kuɗi a dunƙule yana iya neman rance daga Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 a ƙarƙashin kulawar Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa a kowane wata, ana kuma ba masu zubi rance a kan ruwan kashi 6 cikin ɗari, a biya cikin wa'adin da ke iya kaiwa shekara 30. Wanda zai sayi gidan da ba a gama ginawa ba, kada ya biya gaba ɗaya. A rubuta yarjejeniya cewa biya zai riƙa bin matakin aiki, a kuma ambaci ranar miƙa makulli da abin da zai biyo baya idan aka saɓa.

JAN KUNNE

Kada a ba kowa kuɗi hannu da hannu. A biya ta banki da sunan da ke kan takardun. Kada a sa hannu a takardar da ba a karanta ba, ko ba a fassara wa mutum ita ba. Duk wanda ya matsa maka lamba cewa ka biya yau domin gobe gidan zai ƙare, to, ka ƙara bincike a kansa. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ma'aikatar filaye ta jiharsa, ko ofishin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya mafi kusa da shi.