Ziyara a ƙasar Gana: takardu, mota da abinci

Bayan kaka, in anka cika rumbu anka saida wake da albasa, mutane da yawa suna kama hanyar Gana. Wasu biɗa ta kai su. Wasu kuwa ziyara kawai za su yi: su ga ɗa ko ƙane da ya daɗe can, su huta, su buɗe ido. Da masu ziyara muke magana yau. Kuɗɗin tafiya guminka ne na damina guda. Wanda ya tafi da sani, kuɗɗinshi suna kai shi su maido shi. Wanda ya tafi da ka, suna ƙarewa tun bai ga komi ba.

Hanyar Gana ba sabuwa ba ce gare mu. Kakanninmu fatake sun bi ta da jakkai zuwa Gwanja. Suna kai kanwa da tufafi kasuwar Salaga, su komo da goro. Shi ya sa yau akwai zango cikin manyan garuruwan Gana, inda ake jin Hausa: Nima da Sabon Zango a birnin Akra, wanda mutanenmu ke ce ma Ankara, da Aboabo a Kumasi.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Tsofaffinmu ba su manta da shekarar 1969 ba. A shekarar nan gwamnatin Busiya ta kori baƙin da ba su da takardun zama. Ƴan Nijar da yawa sunka komo gida, sunka baro dukiyarsu. Darasin yana nan: baƙo marar takarda ba ya da bakin magana.

A 1979 ƙasashen CEDEAO sunka yarda ɗan kowace ƙasa ya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Nijar ta fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025. A lokacin, CEDEAO ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin ƴan Nijar har sai an sake sanarwa. Saboda haka, kafin ka tashi, je ofishin ƴan sanda ka tambayi abin da ake ciki. Fasfo shi ya fi ƙarfi.

Takarda ta biyu ita ce karne, takardar allurar rigakafin ciwon shawara. Gana tana biɗar ta ga mai shigowa. Allura guda ta isa mutum har iyakar ranshi, amma takardar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10. Kada ka bari sai ana gobe tafiya.

Ta ina ake bi?

Nijar ba ta da iyaka da Gana, dole a ratsa wata ƙasa. Hanya ta farko ta bi ta Burkina Faso, ta Wagadugu, a shiga Gana ta garin Paga can arewa. Ta biyu ta bi ta Gaya da Malanbil, ta ratsa Binin zuwa Kwatano, sai Lome a Togo, a shiga ta Aflawo, bakin teku. A 2023 anka rufe gadar Gaya, kuma hanyar Torodi ta yi fama da rashin tsaro. Kada ka dogara da labarin wanda ya yi tafiya bara. Tambayi direbobi a tasha, da wanda ya komo cikin watan nan. Matambayi ba ya ɓata.

In ka shiga Gana, maida agogonka baya da awa 1. In ƙarfe 8 ne a Maraɗi, ƙarfe 7 ne a Kumasi.

Kuɗɗin Gana

Ba a ciniki da sefa a kasuwannin Gana. Sunan kuɗɗinsu sidi. Sidi 1 fesuwa 100 ne. Darajar sidi tana hawa tana sauka, don haka tambayi farashin ranar. Yi canji a banki ko gidan canji mai lasisi, ka ƙirga kuɗɗinka nan gaban mai canji. A 2007 anka sake kuɗɗin ƙasar: tsohon sidi 10.000 ya koma sabon sidi 1. Wasu ƴan kasuwa suna faɗin farashi da tsohon lissafi. In ka ji kuɗɗi sun yi yawa, ka ce a rubuta maka.

Motocin tsakanin garuruwa

Akwai manyan motocin fasinja na gwamnati, ana ce musu STC. Suna tashi kan lokaci. Ana sayen tikiti a tasha, lambar kujerarka tana rubuce a jiki. Akwai kuma na ƴan kasuwa, kamar VIP, masu tasha a unguwar Sakul ta Akra. Waɗannan motoci suna da na'urar sanyi, ka riƙe mayafi a hannu. Kuɗɗin kaya daban ake biyan su. Tsaya har ka ga an sa jakarka cikin mota da idonka.

Sai ƙananan motoci da ake ce ma torotoro. Su ne motocin talaka. Sun fi arha, suna shiga ko'ina, amma ba su tashi sai sun cika, kuma akwai matsi. Yaron mota yana kiran sunan gari da ƙarfi. Cikin hayaniya kunne yana ruɗewa. Wanda ya iya karatu sai ya duba allon da ke tasha, ya san motar da zai shiga.

Ga nisan garuruwa. Akra zuwa Kumasi wajen kilomita 250 ne, kamar Maraɗi zuwa Damagaram da ɗan ƙari, amma cunkoson motoci yana sa a yi awa 5 ko fiye. Kumasi zuwa Tamale wajen kilomita 380, ta Teciman da Kintampo. Akra zuwa Kef Kos wajen kilomita 150, kusan Yamai zuwa Doso. Motocin can suna tashi daga tashar Kaneshi. Mai hali yana iya shiga jirgin sama daga Akra zuwa Tamale, tafiyar wajen awa 1.

In da hali, yi tafiyar rana. A watan Maris 2019 manyan motoci biyu sunka yi karo da dare kusa da Kintampo, mutum fiye da 50 sunka rasu. Kwana a tasha ya fi gaggawa cikin duhu.

Mi ake ci?

Baƙo ba zai yi yunwa ba, don wasu abincin Gana sunansu ma na Hausa ne. Da safe akwai koko da ƙosai. Can suna ce mishi kokon Hausa. Akwai wace, wato shinkafa da wake da anka dafa da karan dafi har ta yi ja. Sunanta daga "wake" ya fito. A arewa akwai tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo. Da dare akwai cicinga, tsire ke nan. Fura ma ana samu a zango.

Wasu kuwa sabbi ne ga bakinmu. Kenke, ko dokunu, ƙullun masara ne mai tsami da ake naɗewa cikin ɓawon masara a dafa. Ana cin shi da soyayyen kifi da shito, wani baƙin yaji na tonka da busasshen kifi. Banku tuwon masara da rogo ne, shi ma da tsami. Fufu kuwa rogo ne da babbar ayaba ta dafuwa, a kirɓa su kamar sakwara, a ci da miyar gujiya ko ta kwakwar manja. Fara da kaɗan, har cikinka ya saba da tsami da manja.

Abu biyu za a kiyaye. Na farko, nama. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi wajen mutum 1 ne cikin 5 a Gana. A gidajen abinci na kudu ana iya samun naman alade ko naman daji cikin miya. Tambaya ba kunya ba ce. In kana shakka, ci kifi, ko ka je zango. Na biyu, ruwa. Sha na leda ko na kwalba da ba a buɗe ba, ka ci abinci da zafinshi. Kudu akwai sauro, kwana cikin gidan sauro.

Mi za a gani?

A Kumasi akwai kasuwar Kejetiya da fadar sarkin Asante. A Elmina, kusa da Kef Kos, akwai ganuwar da Turawan Fotugal sunka gina a 1482, inda daga baya anka riƙa tsare bayi kafin a ƙetare teku da su. A Akosombo akwai babbar madatsar ruwa ta kogin Bolta, wadda anka gama a 1965. A arewa akwai tsohon masallacin ƙasa na Larabanga, da dajin Mole mai giwaye. Manomi kuma ya duba gonakin koko da na doya, ya tambayi yadda ake aikinsu.

Kafin ka bar gida

1. Rubuta suna, unguwa da lambar wayar wanda za ka sauka gare shi. Riƙe takarda guda, ka bar guda a gida.
2. Ware kuɗɗin komowa, kada ka taɓa su.
3. Raba kuɗɗinka wuri biyu a jikinka.
4. Kada ka karɓi saƙon da ba ka ga abin da ke ciki ba. A iyaka, kayan da ke hannunka naka ne.
5. Ka komo kafin ruwan shuka.

Jama'a, ku karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna. In akwai wanda ya taɓa zuwa Gana cikin garinku, ku gayyato shi wurin karatu, ya faɗa muku abin da ya gani.