Ƙofar maɓalli: Ƙaramin aikin da ke fitar da tela kunya ko ya ja masa asara a Tajaye da Ƙonni

Makonni biyu ko uku kafin Sallah, shagunan teloli a Tajaye, Illela, Malbaza da Birnin Ƙonni da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar kan cika da shadda da yadudduka. Da yawa daga cikin kayan 'yan ci-rani ne ke aiko da su daga Abijan, Legas ko Libiya, wasu kuma kuɗin sayensu suke turowa gida.

Mai kaya kan tsaya ya yi doguwar magana da tela a kan aikin wuya da faɗin hannu da tsawon riga. Da wuya ka ji ya tambayi yadda za a yi masa ƙofar maɓalli.

Alhali ita ce aikin ƙarshe, kuma a nan ne ake sa reza a tsaga rigar da aka riga aka gama. Idan ɗinki ya karkace ana iya farke shi a sake. Idan reza ta zarce a gaban kaftani, sai dai a yi faci ko tela ya biya shadda. Ƙofar da aka yi ta da ganganci kuma tana fara zubar da zare tun daga wanki na biyu, maɓalli ya riƙa kwancewa da kansa.

Me ya sa baƙin keke ba ya yin ta?

Keken da aka fi gani a ƙauyuka da ƙananan garuruwan yankin shi ne baƙin keken ƙafa, irin su Butterfly da ake ƙerawa a birnin Shanghai na ƙasar Sin, da sauran waɗanda aka kwaikwayo daga tsohon samfurin Singer mai lamba 15. Keke ne mai juriya, ba ya buƙatar wuta, kuma kayan gyaransa ba sa wuyar samu.

Yadda yake aiki bai sauya sosai ba tun daga irin ɗinkin da Elias Howe ya yi wa rajista a Amurka a 1846, wanda Isaac Singer ya fito da nasa keken a kansa a 1851. Allura tana nutsewa da zaren sama, ƙugiyar da ke ƙasa ta kama shi ta zagaya da shi bayan zaren kwarkwaro, zaruruwan biyu su ƙulle a tsakiyar yadi. Daga nan haƙoran da ke ƙarƙashin ƙafar keke su ja yadin gaba kaɗan, allura ta sake nutsewa.

Allurar wannan keke sama da ƙasa kawai ta sani. Ba ta matsawa dama ko hagu, don haka layi miƙaƙƙe kaɗai take iya yi.

Ƙofar maɓalli kuwa wani abu daban take buƙata. Ana son layi biyu na ɗinki mai kai-komo, a cushe sosai, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, da siririn fili a tsakaninsu inda za a tsaga. Kowane layi yana lulluɓe bakin yadin don kada zarensa ya warware. Sannan a sama da ƙasa a yi wani ɗinki mai faɗi da ya haɗe layukan biyu, wanda shi ne ke tare tsagar kada ta ci gaba duk lokacin da aka tura maɓalli.

Tufafinmu na asali ba su da wannan matsala. Babbar riga ba ta da maɓalli, kuma kaftanin da can da maɗauki na zare ake rufe wuyansa. Yayin da kaftani mai hannun maɓalli da rigunan makaranta da na ma'aikata suka yawaita ne ƙofar maɓalli ta zama aikin yau da kullum a shagon tela.

Idan allura ce ke motsi

Hanya ta farko da masu ƙera keke suka bi ita ce su sa allurar ta riƙa lilo. Wata Ba'amurkiya, Helen Blanchard, ta yi rajistar ɗinkin zigizag a 1873, kuma wannan dabara ce ke cikin keken da teloli a Nijar da arewacin Najeriya suka sani da 20U, wanda ake yin aikin wuya da shi.

A cikin kan irin wannan keke, sandar da ke riƙe da allura tana cikin wani gida da ke iya karkata dama da hagu. Abin da ke tura gidan shi ne wani faifan ƙarfe mai tudu da kwari. Idan tudun ya zo sai ya tura allura gefe guda, idan kwarin ya zo ta koma ɗaya gefen. An daidaita tafiyarsa ta yadda allura ba ta matsawa sai ta fito daga cikin yadi, in ba haka ba da karyewa za ta yi.

Tela mai 20U da hannunsa yake sarrafa komai. Yakan rage tsawon taku zuwa kusan rabin milimita, ya sa faɗin kai-komo kamar milimita 2, ya sauko da layi ɗaya, ya buɗe faɗin ya rufe ƙarshe, ya juya yadi ya hau da layi na biyu. Aiki ne na ido da sabo.

Ƙananan kekunan gida na Singer, Brother da Janome sun sauƙaƙa wannan da wani abin murɗawa mai matakai huɗu. Mataki ɗaya yana ɗinka gefe guda, na biyu ya rufe ƙarshe, na uku ya koma da baya ya ɗinka ɗaya gefen, na huɗu ya rufe ɗaya ƙarshen. Kowace murɗawa abu uku take sauyawa a lokaci guda: faɗin lilon allura, gefen da allurar za ta tsaya, da kuma ko haƙora za su ja yadi gaba, ko baya, ko su bar shi a tsaye. Babu kwamfuta a ciki, ƙarafa ne ke tura juna.

A nan ne ake samun wata matsala da masu saye kan gani ba su san dalilinta ba, wato gefe ɗaya na ƙofar ya fito a cushe, ɗayan kuma tsarara. Dalilin shi ne takun da keke ke yi idan yana tafiya gaba bai yi daidai da na komawa baya ba. Yawancin waɗannan kekuna suna da wani ɗan kusa ko abin murɗawa na daidaita wannan, kuma bakaniken keke na iya gyara shi cikin ɗan lokaci.

Idan yadi ne ke motsi

Hanya ta biyu ita ce ta fi dacewa da mai baƙin keke, ko da yake matasan teloli da yawa ba su taɓa ganinta ba. Tun da allura ba ta iya matsawa, sai aka ƙera wata 'yar na'ura da ke motsa yadin a ƙarƙashinta. Kamfanin Singer da na Greist da ke birnin New Haven a Amurka sun sayar da irinta da yawa a ƙarni na 20.

Ana cire ƙafar keke a ɗaura na'urar a gurbinta. Tana da wani hannu mai baki biyu da ake saƙalawa a kan kusar da ke ɗaure allura. Duk lokacin da allura ta yi sama ta yi ƙasa, hannun yana bin ta, shi kuma yana juya ƙananan haƙoran da ke cikin na'urar. Su ne ke kaɗa yadin dama da hagu, suna kuma tura shi gaba a hankali. Ana rufe haƙoran keken da wani faranti don kada su yi jayayya da na'urar.

Wasu samfuran suna da ƙananan ma'aunai na ƙarfe da ake sakawa a ciki, kowanne da tsawonsa da siffarsa. Na'urar tana bin gefen ma'aunin har ta zagayo inda ta fara, don haka ƙofa goma za su fito daidai wa daida. Teloli masu son aiki ya yi kauri kan bar ta ta zagaya sau biyu. Ƙarfin ƙafar tela kaɗai ke tafiyar da ita.

Injin da ba shi da wani aiki sai wannan

A manyan shaguna da masana'antun tufafi akwai injin da aka ƙera don ƙofar maɓalli kaɗai. Asalinsa yana komawa ga John Reece, wanda ya yi rajistar injinsa a 1881, aka kuma kafa kamfani da sunansa a birnin Boston. A yau samfuran kamfanin Juki na Japan da makamantansu na ƙasar Sin ne suka fi yawa a kasuwa.

Mai aiki yana ɗora yadi ne kawai ya taka feda. Injin ya danne yadin, ya ɗinka gefe biyu da ƙarshe biyu, wuƙarsa ta sauko ta tsaga tsakiya, ya yanke zare ya tsaya da kansa, duk cikin 'yan daƙiƙoƙi. Akwai kuma wani nau'in da ke yin ƙofa mai zagayayyen kai, irin wadda ake gani a jikin kwat.

Injin yana da tsada, kuma ba ya motsi sai da wuta. Shi ya sa a birane irin su Kano, Sakkwato da Maraɗi aikin ya zama sana'a mai zaman kanta: mutum ɗaya ya ajiye injin, teloli su riƙa aiko yara da riguna, ana biyansa a kan kowace ƙofa.

Wuta da kan iyaka

Zaɓin da tela a Tajaye zai yi tsakanin waɗannan hanyoyi ya dogara ne ga wutar lantarki fiye da komai. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun wuta a Nijar, kuma a karkara abin bai kai haka ba. An buɗe tashar wutar hasken rana mai ƙarfin megawat 7 a Malbaza a watan Nuwamban 2018, amma ƙasar ta ci gaba da dogaro da Najeriya, inda ta riƙa samun kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da take amfani da ita.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar a farkon watan Agusta a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, aka kuma rufe kan iyaka. Sai a watan Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, aka buɗe iyakar a watan Maris. Kafin wannan ma Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.

Ga mai keken ɗinki a wannan yanki, rufe iyaka ba labarin rediyo ba ne kawai. Birnin Ƙonni na kallon garin Illela na jihar Sakkwato, wanda ya sha bamban da Illelar Nijar inda Tajaye take, kuma daga Ƙonni zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. Ta wannan hanya allura da zare da kayan gyaran keke da yawa ke shigowa. A irin waɗannan lokuta baƙin keken ƙafa ne ya ci gaba da aiki, masu injin wuta kuwa sai da janareta da tsadar mai.

Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan na'urori yana da hanya biyu. Ko dai ya tara rigunan ya kai su gari mafi kusa inda ake da inji, ya haɗa da kuɗin mota da ɓata yini, ko kuma ya zauna ya yi da hannu. Aikin hannu tsarinsa a juye yake: ana fara tsagawa, sannan a bi bakin tsagar da allura, ana ƙulla kowane taku a gefe. Idan gwani ya yi shi yana daɗewa ƙwarai, har manyan telolin kwat na Landan da hannu suke yin nasu. Sai dai yana cin lokaci, lokaci kuwa shi ne abin da tela ba shi da shi a daren Sallah.

Abin da mai kaya zai duba

Ba sai ka iya ɗinki ba kafin ka gane ƙofa mai kyau. Tsawonta ya zama faɗin maɓallin da kaurinsa, da ƙarin kamar milimita 3, ta yadda zai shiga da ɗan turawa, ba ya kuma fita da kansa. Shi ya sa ya fi kyau a kai wa tela maɓallan tare da yadi, ba bayan an gama ɗinki ba.

Juya rigar ka duba bayanta. Idan zare ya taru ya yi kumburi, ba a daidaita ƙarfin zaren sama da na ƙasa ba. Ka taɓa wurin ka ji ko an sa farin ƙyallen nan mai gam da ake mannawa da guga, domin shadda mai santsi da siraran yadudduka suna tattarewa idan babu shi. Ka duba ƙarshen biyu ka tabbata reza ba ta ci zaren ba. Teloli masu lura kan gicciya allurar maƙala a ƙarshen ƙofar kafin su tsaga, don reza ta tsaya a jikinta.

A gaban riga ƙofofin a tsaye ake yin su, a hannu da wuya kuma a kwance, saboda ta nan ne yadi ke jan maɓalli. Tela mai kula ba ya taɓa rigarka sai ya gwada a ƙyallen da ya rage daga yadin, mai ninki daidai da na rigar.

Ga matasan da ke koyon ɗinki, da 'yan uwansu da ke waje masu tunanin irin jarin da za su aiko gida, akwai abin lura a nan. Garin da ke da teloli ashirin ba lallai ne yana buƙatar baƙin keke na ashirin da ɗaya ba. Keken zigizag guda, ko na'urar da ake ɗaurawa a kan keken ƙafa, a hannun wanda ya ƙware da ita, na iya samun aiki daga dukkan shagunan garin, a lokacin Sallah da kuma watan Oktoba da ake komawa makaranta ana ɗinka rigunan ɗalibai. Kafin a saya dai a tabbata akwai bakaniken da ya san keken a kusa, kuma ana samun allurarsa da kwarkwaronsa a kasuwar Ƙonni.