Zaɓen Baƙin Mai Ga Injin Da Ke Yawan Shanye Shi

Garin Suleja, wanda shi ne ake kira Abuja kafin a ƙirƙiro Birnin Tarayya a 1976, ya zama masaukin ma'aikata masu ɗimbin yawa tun da Gwamnati ta tare a sabon birnin a 1991. Kullum da asuba motoci suna kwasar su ta Madalla da Zuba, su komo da su da almuru. Injin da ke wannan zirga-zirga, cikin cunkoso da zafin bazara da ƙurar hunturu, yakan tsufa da wuri, har ya soma shan baƙin mai. Da zarar haka ta faru, sai ka ga mai mota ya nemi man da ya fi kowanne kauri ya ɗura. Ana jawo hankalin jama'a cewa wannan dabara ba ta warkar da inji, wani lokaci ma ita ke ƙarasa shi.

Da farko ya kamata a tabbata ko shan ya wuce ƙa'ida, domin kowane inji yana ƙone ɗan kaɗan. Akwai kamfanonin da suka rubuta a littafin mota cewa har rabin lita a tafiyar kilomita 1,000 ba laifi ba ne. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a zaro sandar awo da safe kafin a tada inji, a rubuta kilomita. A yawancin ƙananan motoci tazarar da ke tsakanin alamar sama da ta ƙasa kamar lita ɗaya ce.

Sa'an nan a bincika inda man yake tafiya. In ana ganin ɗigo a ƙasa inda mota ta kwana, yoyo ne, maganinsa sabon gasket ko sil. In shuɗin hayaƙi ya fito ta salansa lokacin tada inji sa'an nan ya ɗauke, galibi robobin bawul ne suka bushe. In kuwa hayaƙin yana ƙaruwa duk sa'ad da aka taka totur, kuma filogi yana fitowa da maiƙo, to zobban fistan sun cinye. Haka kuma akwai wani ɗan bawul mai fitar da tururi daga cikin inji, wanda in ya toshe yakan tura mai inda bai kamata ba. Kuɗinsa kaɗan ne, amma sau da yawa ba a tuna da shi.

Bayan wannan ne ake maganar zaɓen mai. A jikin kowane galan akwai lamba kamar 5W-30 ko 20W-50, bisa ma'aunin ƙungiyar SAE ta Amurka. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudana da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya ɗau zafi, a digiri 100. Tsofaffin injuna, irin na Fijo 504 da aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, an ƙera su da 'yar tazara tsakanin ƙarafa, saboda haka 20W-50 ya dace da su. Amma injunan zamani, irin na Corolla da Camry da suka cika hanyoyinmu, hanyoyin mansu matsattsu ne ƙwarai, kuma a yawancinsu matsin mai ne ke daidaita lokacin buɗewar bawul. In aka ɗura musu mai kauri, yakan yi jinkirin isa saman inji da safe, ƙarfe ya goga ƙarfe. Hayaƙi zai ragu, mai mota ya yi murna, alhali kuwa ɓarna tana ci gaba a ciki.

Shawarar ita ce a duba littafin mota. In ya yarda da kauri iri biyu, a hau mataki ɗaya kawai, misali daga 5W-30 zuwa 5W-40 ko 10W-40, a auna na tsawon kilomita 1,000 a gani. A lura da alamar API: harafin S na injin fetur ne, C na dizal, kuma SN ko SP sun fi SL sabunta. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya kuwa, ba wanda zai iya ba da shaidar abin da ke cikinsa. Wani ma wanda aka juye ne aka tace. A sayi galan rufaffe mai tambarin Hukumar SON, a sa a buɗe shi a gaban ido.

In an yi duk wannan amma inji yana cinye lita a ƙasa da kilomita 1,000, to a kai shi wurin bakanike ya auna matsin kowace silinda, a san ko lokacin garambawul ya yi. Kafin ranar, direban da ke zuwa Minna ko Kaduna ya riƙa tafiya da lita ɗaya ta irin man da ke cikin injin, ya kuma duba sanda duk lokacin da ya tsaya shan fetur.