Jagorantar masu nazarin alƙaluma: abubuwan da ya kamata ka sani

A watan Oktoban 2020, hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta amsa cewa sakamakon mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu da korona bai shiga rahoto a kan lokaci ba. Tsohon nau'in fayil na Excel da aka yi amfani da shi ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536, saboda haka duk abin da ya haura ya zube shiru. Aka yi kwanaki ba a bi sawun waɗanda suka yi cuɗanya da marasa lafiyar ba. Ƙwararru ne suka yi aikin, kuma a gani na duk wanda aka ɗora a kan irin wannan tawaga ya kamata ya riƙe labarin a zuciya.

Aikin da ba a gani

Jama'a na ganin zane mai launi-launi a allon taro su ɗauka shi ne aikin. Mafi yawan wahalar tana can baya, wurin gyaran bayanai. Ma'aikacin asibiti ya rubuta "Dutsinma", wani ya rubuta "Dutsin-Ma", kwamfuta ta ƙirga gari biyu. Wata uwa ta ce ɗanta an haife shi "da kakar bara", mai cike fom ya ƙaga masa rana. Shugaban da bai taɓa zama ya yi wannan tankaɗe da rairaya da hannunsa ba, zai ba da wa'adin kwana biyu ga aikin mako biyu.

Shugaba ba sai ya fi kowa iya lissafi ba

Babban aikinsa shi ne tace tambaya. Oga daga sama zai ce, "A kawo mini alƙaluman rigakafi." Na wace shekara? Yaran da aka yi wa allura, ko alluran da aka fitar daga sito? Amsoshin biyu na iya bambanta nesa ba kusa ba. Idan shugaba ya ji nauyin tambaya ya wuce da umarnin yadda ya zo, mutanensa za su yi gumi a kan abin da ba a nema ba.

Aiki na biyu ya fi wuya: ya tsaya tsakanin tawagarsa da mai son alƙaluma su faɗi abin da kunnensa ke so. A nan ake gane shugaba.

Kuskure a faɗe shi da wuri

A 2010 masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka wallafa binciken da 'yan siyasa suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya karɓi jadawalinsu ya ga an tsallake ƙasashe biyar a wani lissafi. Ɗalibi ya gyara wa farfesoshi.

Mu da muka taso da kunya da girmama na gaba, wannan yana mana nauyi. Ƙaramin ma'aikaci zai ga kuskuren babba ya sunkuyar da kai. Sai shugaba ya mai da dubawa ƙa'ida: ba rahoton da zai fita sai wani ya sake lissafinsa, har da na shi shugaban. Idan ƙa'ida ce, ba wanda zai ce an yi masa rashin kunya.

Me ya sa takardar shaidar karatu ba ta isa?

Saboda ma'aunin kansa yana sauyawa. Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, sannan ta ce a farkon 2023 kashi 4.1 ne. Ma'anar "mai aiki" aka sauya: yanzu ko awa ɗaya mutum ya yi a mako don samun kuɗi, ana ƙirga shi. Manazarcin da bai karanta bayanin hanyar ƙidayar ba zai jera lambobin biyu ya yi shelar abin da bai faru ba.

Doka ma ta motsa. Tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane, don haka tura jerin sunaye da lambobin waya ta WhatsApp ya zama abin da ka iya jawo hukunci. Ga kuma ChatGPT da ire-irensa, da ke rubuta umarnin Python cikin ƙiftawar ido, wani lokaci da kuskuren da sai mai sani zai kama.

Ina ake koyon?

Na fi yarda da awa ɗaya kowane mako a ofis fiye da bitar kwana uku a otal, wadda galibi alawus ɗinta ake tunawa. A ware lokacin cikin sa'o'in aiki, kada a ce mutum ya koya da dare da datarsa. Wannan makon wata ta nuna yadda ta haɗa jadawali biyu da SQL, mako mai zuwa wani ya buɗe aikin da ya lalace masa a gani tare. A kuma riƙa tura masu zaman ofis su bi masu tattara bayanai zuwa ƙauye, su ga yadda ake cike fom a manhajar KoboToolbox a tsakar rana, batir na ƙarewa, mai gida yana tambayar me za a yi da sunan matarsa.