Matuƙin Sama da Matuƙin Kwamfuta

A shekarar 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link, wanda mahaifinsa yake da masana'antar kayan kiɗa a garin Binghamton na jihar New York, ya harhaɗa wani akwati mai kujera ɗaya. Akwatin yana karkata dama da hagu, yana sunkuyawa yana ɗagowa, ta hanyar zugazugan iska da ya samo a masana'antar. Nufinsa a koyi tuƙin jirgi ba tare da an bar ƙasa ba, amma masu wuraren shaƙatawa ne suka fara saya, mutane suna biyan kuɗi suna hawa don nishaɗi. Sai a 1934, bayan da aka ɗora wa sojojin saman Amurka jigilar wasiƙu, matuƙa fiye da goma suka halaka cikin 'yan watanni, da yawansu saboda duhu da mugun yanayi, sannan rundunar ta sayi akwatuna shida. Kafin a gama Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000. Ashe tun daga tushe, na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi ta taso da ƙafa ɗaya a wajen wasa, ɗaya a makaranta, kuma har yau ba a daina jayayya a kan wacce ce ƙafarta ta gaskiya ba.

Jikokin wannan akwati suna cikin ɗakunan mutane yanzu. Manhajar Microsoft Flight Simulator ta fito a 1982, kuma wadda aka fitar a 2020 ta zana duniya kaf daga hotunan tauraron ɗan adam. Akwai X-Plane, wadda take lissafa yadda iska take bugun kowane sashe na fiffike. Akwai kuma VATSIM, wata ƙungiya da aka kafa a 2001, inda dubban mutane suke tuƙa jiragen kwamfuta a sararin sama guda, wasu kuma suna zaune a matsayin masu ba da umurni daga hasumiya, ana magana da kalmomin da ake amfani da su a filayen jirgi na gaske. A irin waɗannan wurare ne matuƙan kwamfuta da matuƙa masu lasisi suke cuɗanya, kuma a nan ne ake samun tsamin dangantaka. Mai lasisi ya ce wanda bai taɓa jin iska ta wurgar da shi ba, ba shi da bakin gyara masa magana. Na kwamfuta ya ce ya haddace littafin Airbus A320 daga bango zuwa bango, wanda mai tuƙa ƙaramin Cessna ko buɗe shi bai taɓa yi ba. A ganina kowannensu yana da gaskiya a kan abin da ya sani, kuma kowannensu yana kuskure a kan iyakarsa. Tuƙin jirgi ilimi biyu ne a haɗe: akwai na ƙa'ida da tsari, wanda kwamfuta take koyarwa sosai, akwai kuma na jiki da yanke shawara a lokacin da rai yake cikin haɗari, wanda ba ta da hanyar koyarwa.

Duk matuƙin da ya ce na'urar wasa ce kawai, hukumar da ta ba shi lasisi ba ta goyon bayansa. Hukumar kula da sufurin sama ta Amurka, FAA, ta yarda ɗalibin da yake neman shaidar tuƙi da ma'aunai kaɗai, wato tuƙi cikin gajimare ba tare da ganin waje ba, ya lissafa sa'o'i 10 zuwa 20 da ya yi a kan na'urar da ta amince da ita, gwargwadon ajin na'urar. Wasu daga cikin waɗannan na'urori X-Plane ce a cikinsu. A manyan kamfanoni kuwa abin ya wuce nan. Na'urar da take mataki mafi girma, mai tsayuwa a kan ƙafafu shida masu motsi, wadda kuɗinta yake kaiwa miliyoyin daloli, ta isa ƙwararren matuƙi ya koyi sabon samfurin jirgi gaba ɗaya a cikinta, har ya zama ranar da ya fara tuƙa jirgin na gaske akwai fasinjoji a bayansa. Sai dai a lura da sharaɗin. Hukumar ba manhaja take amincewa da ita ba, na'urar take dubawa baki ɗaya, kuma sa'o'in neman shaida sai da malami a gefe. Ga mai neman lasisin farko, wanda yake bukatar aƙalla sa'o'i 40, sa'o'i biyu da rabi kacal ake karɓa daga irin wannan na'ura. Wannan rabo bai zo da ka ba. Ya nuna daidai inda hukumar take ganin kwaikwayo yana da amfani, da inda take ganin dole sai an hau.

Dalilin yana cikin kunnen ɗan adam. Can ciki akwai wasu ƙananan bututu masu ruwa da suke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki a miƙe yake ko a karkace. Idan jirgi ya karkata a hankali, ko ya daɗe yana juyawa, ruwan yakan lafa, sai jiki ya rantse wa mai shi cewa a miƙe yake. A 1954 masu bincike a Jami'ar Illinois suka ɗauki matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da ma'aunai ba, suka rufe musu ganin waje a cikin jirgi na gaske. Dukkansu jirgin ya ƙwace musu, kuma matsakaicin lokacin da suka ɗauka daƙiƙa 178 ne. Irin wannan ruɗani ne hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta ce ya kashe John F. Kennedy ƙarami a watan Yulin 1999, lokacin da ya bi ta kan teku da dare cikin hazo. Wanda ya san yadda ƙurar hunturu take shafe sararin Kano har jirage su kasa sauka, ya san irin yanayin da ake nufi. To, matuƙin kwamfuta ya iya karanta ma'aunai, wani lokaci fiye da ɗalibin gaske. Abin da bai taɓa gamuwa da shi ba shi ne ma'auni ya ce hagu, jikinsa ya ce dama, kuma dole ya ƙaryata jikinsa. A kan kujerar ɗaki kunne ba ya yi wa kowa ƙarya. Malaman tuƙi suna da wani ƙorafin kuma: ɗalibin da ya taso a kan kwamfuta yakan kafe ido a kan ma'aunai, alhali littafin koyarwa na FAA ya ce a tuƙin gani da ido kusan kashi 90 cikin ɗari na hankalin matuƙi waje ya kamata ya kasance.

Hujjar da ta fi ƙarfi kuwa ba daga kwamfutocin gida ta fito ba, daga manyan na'urorin kamfani ta fito. Ranar 15 ga Janairun 2009 jirgin US Airways mai lamba 1549 ya tashi daga filin LaGuardia na New York, ya ci karo da garken dinya, injinansa biyu suka mutu. Kyaftin Chesley Sullenberger ya saukar da shi a kan kogin Hudson, mutane 155 duk suka tsira. Da masu bincike suka maimaita tafiyar a na'urar kwaikwayo da ƙwararrun matuƙa, a wasu gwaje-gwajen an iya komawa filin jirgi lafiya. Wannan ya isa a ce kyaftin ya yi kuskure, in ba don abu ɗaya ba: matuƙan gwajin sun san tsuntsaye suna zuwa, sun san injina za su mutu, kuma sun juya nan take. Da aka ƙara jinkirin daƙiƙa 35, wato lokacin da mutum yake bukata ya gane abin da ya same shi ya zaɓi abin yi, jirgin gwajin bai kai filin ba. Na'ura ce ta miliyoyin daloli, matuƙa ne na gaske a ciki, amma duk da haka sai da aka cusa mamaki da hannu kafin sakamakon ya yi kama da gaskiya. Idan haka ta kasance a can, mai zama a gida, wanda shi ya zaɓi matsalar da kansa kuma yana da maɓallin tsayarwa da na sake farawa, ba ya cikin halin da zai auna shawarar wanda ya yanke ta sau ɗaya tak.

Matuƙan kwamfuta sukan kawo labarin Richard Russell, ma'aikacin ƙasa a kamfanin Horizon Air, wanda a watan Agustan 2018 ya ɗauki jirgi samfurin Q400 daga filin Seattle ba tare da izini ba, ya yi fiye da sa'a guda a sama har da juye-juye, ya kuma gaya wa hasumiya cewa ya ɗan taɓa wasannin bidiyo. Labari ne mai ban tausayi, domin a nan ya rasa ransa, kuma ba ya tabbatar da abin da ake so ya tabbatar. Ya tashi da jirgi babu kowa a ciki, cikin yanayi mai kyau, kuma bai sauka ba. Tashi da shawagi su ne sashe mafi sauƙi. Sauran aikin, wato sauka cikin iska mai bugowa daga gefe, lissafin mai, sanin ranar da bai kamata a tashi ba, shi ne ake biyan matuƙi dominsa. Yadda mutane suke raina wannan sashe ya fito fili a wani jin ra'ayi da kamfanin YouGov ya yi a 2023, inda kusan kashi ɗaya cikin uku na Amurkawan da aka tambaya suka ce za su iya saukar da jirgin fasinja idan hasumiya tana yi musu jagora.

Duk da haka ba zan wanke masu lasisi ba. Wani ɓangare na rainin da suke yi ba kishin lafiyar jama'a ba ne, kishin abin da suka kashe ne. Tun 2013, bayan haɗarin jirgin Colgan Air kusa da Buffalo da ya ci rayuka 50 a 2009, Amurka ta wajabta sa'o'i 1,500 ga akasarin masu son tuƙa jirgin fasinja, kuma hanyar kaiwa can tana cin dubun dubatar daloli. A Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, karatun na miliyoyin naira ne, shi ya sa ɗalibai da yawa sai da tallafin gwamnatin jiha. Mutane da dama da suke tuƙi a kwamfuta ba ƙwazo suka rasa ba, kuɗi suka rasa, ko lafiyar ido, ko dama. Wulaƙanta irin wannan mutum don ya yi tambaya rashin adalci ne, kuma hasara ce ga sana'ar da take neman sababbin hannu. Sannan lasisi ba ya sa mutum ya san komai. Mai sa'o'i 60 a Cessna ba shi da wata masaniya ta musamman a kan kwamfutocin Boeing 777, kuma idan wanda ya karanci littafin jirgin ya nuna masa shafi, shafin ne hujja, ba katin da yake aljihunsa ba. Matuƙan kamfanoni da yawa ma suna hawa waɗannan manhajoji a gida don bitar hanyoyin filin da ba su saba da shi ba.

Inda saɓanin yake da nauyi na gaske shi ne bayan haɗari. Jirgi ya faɗi da safe, kafin dare wani ya maimaita tafiyar a kwamfutarsa, ya sauka lafiya, ya yanke wa mamata hukunci alhali iyalansu suna zaman makoki. Fushin matuƙa a nan halas ne, kuma ya kamata ya haɗa har da 'yan'uwansu masu lasisi da suke yin irin wannan gaggawa. Ƙa'idar ƙungiyar sufurin sama ta duniya, ICAO, ta ba masu bincike kwana 30 su fitar da rahoton farko, da shekara guda don na ƙarshe idan hali ya yi, kuma ta ce manufar bincike hana sake aukuwa ce, ba ɗora laifi ba. Jirgin Air France mai lamba 447 ya faɗa tekun Atlantika ranar 1 ga Yunin 2009 da mutane 228. Sai a watan Mayun 2011 aka ciro na'urorin naɗar bayanansa daga zurfin kusan mita 4,000, rahoton ƙarshe kuma ya fito a Yulin 2012. Ya nuna cewa ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu, matuƙan suka ruɗe cikin dare, ba su gane jirgin ya daina samun ɗaukar iska ba har ya kai ruwa. Cikin gyare-gyaren da suka biyo baya akwai tilasta wa matuƙan kamfanoni horo a kan farfaɗo da jirgin da ya ƙwace, kuma yawancin wannan horo a cikin na'urar kwaikwayo ake yin sa, da malami a kujerar baya yana jefo matsalar a lokacin da ba a zata ba.