Kafin a Haɗa Saluki Barbara

Wanda bai taɓa ganin Saluki ba, ganin farko zai rantse yunwa ce ta cinye shi. Ga dogayen ƙafafu, ga ciki a shafe, haƙarƙarinsa kuwa kana iya ƙirgawa daga nesa. To, haka Allah Ya halicce shi. Karen farauta ne da Larabawan hamada da mutanen Iraƙi, Siriya da Iran suka yi dubban shekaru suna kama barewa da zomo da shi, wani lokaci da taimakon shaho. Da ido yake farauta, kuma an taɓa auna gudunsa ya kusa kilomita 69 a awa guda. Larabawa kan kira shi "alhurru", wato ɗa ba bawa ba. A cikin tanti yake kwana, kuma a al'adarsu kyautarsa ake bayarwa, ba a kai shi kasuwa. Duk wanda ya san dogon karen nan na Buzayen Azawak a Nijar da Mali ya san siffar da ake magana, ko da yake kowanne irinsa daban.

A 1895 wata Baturiya, Florence Amherst, ta kai Saluki Ingila daga Masar, a 1923 kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta ƙasar ta yi masa rajista a matsayin iri mai zaman kansa. Daga nan lissafi ya canza. A hamada farauta ce ke tankaɗe da rairaya: karyar da numfashinta ke yankewa a guje, ba mai zuwa roƙon ɗanta. Amma a gidan da babu barewa, inda kyan gashin kunne kan sa kare ya ci gasa, aikin da hamada ke yi ya koma wuyan mai kiwo. Kuma mafi yawan aikin nan ana gama shi ne tun kafin kare da karya su haɗu.

Zuciya ce abin dubawa na farko. Akwai ciwon da ke sa zuciyar Saluki ta buɗe, naman ya yi laushi, ta kasa tura jini yadda ya kamata, alhali karen yana ta tsalle-tsallensa kamar ba komai. Ido ba ya gane wannan, sai likitan dabbobi ya ɗauki hoton zuciyar. Shi ya sa masu kiwon kirki ba sa gaggawa, sukan bar karya ta kai shekara 2 ko fiye kafin haihuwar fari.

Sai cututtukan gado. A 2020 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka sun bayyana ƙwayar halittar da ke haddasa wata cutar ƙwaƙwalwa a Saluki, wadda ke sa kwikwiyo farfaɗiya tun yana ɗan makonni. Yadda ake gadonta ba baƙo ba ne ga wanda ya san maganar sikila. Uwa da uba suna iya kasancewa ɗauke da ita lafiyarsu ƙalau, amma in an haɗa su, kowane kwikwiyo na da kaso 1 cikin 4 na fitowa da cutar. Gwajin yawu ko jini ya wadatar a sani. Mai ɗauke da ita ba a yar da shi, sai dai a nema masa wanda ba ya ɗauke da ita. Haɗa 'yan'uwa na kusa kuwa, don wai a riƙe kyan gida, shi ne hanya mafi sauri ta tono irin waɗannan ɓoyayyun cututtuka. Akwai kuma sankarar jijiyoyin jini da kan kama saifa ko zuciya, wadda ba a gano ta da gwajin gado. Nan sai tambaya: kakannin karen shekara nawa suka yi, me ya kashe su? Mai karen da ya fara kame-kame a wannan tambayar, ka kama gabanka.

Hali shi ne inda aka fi yin kuskure, domin Saluki da ma ba mai rawar kai ba ne. Baƙo ya shigo, zai ɗaga kai ya dube shi, ya mai da haɓarsa kan ƙafafunsa ya ci gaba da kwanciya. Wannan kamun kai ne. Amma wanda zai zabura ya lafe a bayan kujera, jiki na ɓari, yana kauce wa hannun da aka miƙo masa, wannan tsoro ne, kuma ana gadonsa. Wasu kan rufe aibin da cewa ai haka irinsu yake. Ba haka ba ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma uwa matsoraciya sau biyu take ba da tsoron: ta jini, da kuma ta abin da 'ya'yan ke gani tana yi.

Cikin karya kwana 63 ne, ko sama ko ƙasa kaɗan. Kwiyakwiyan kan zo ido da kunne a rufe, sai wajen mako 2 su buɗe ido, kuma kafin nan sanyi kaɗai na iya kashe su. Ana fara ba su maganin tsutsar ciki a mako na 2, rigakafi kuma tsakanin mako 6 zuwa 8. In ta kama sai an yi wa uwar tiyata, a tuna wa likita cewa Saluki ba shi da kitse, wasu magungunan sa barci kan daɗe ba su sake shi ba.

Daga mako 3 zuwa 12 ne icen yake ɗanye. A ɗauki kwiyakwiyan a hannu kullum, a taɓa kunne da tafin ƙafa, su ji ƙarar mota da faɗuwar kwano da hayaniyar yara, kaɗan-kaɗan ba tare da firgitarwa ba. Duka da tsawa ba sa gyara Saluki, sai dai su sa ya janye jikinsa. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8.

Saura inda za su je. Wannan kare ne da in ya hangi abu na gudu, ko kyanwa ko kaza, kiran duniyar nan ba zai dawo da shi ba, don haka yana buƙatar fili mai doguwar katanga da mai gida mai haƙuri. Yakan yi shekara 12 zuwa 14 a duniya. Idan ba ka da gidajen da ka amince da su tun kafin a yi barbara, kuma ba ka shirya karɓar duk wanda aka dawo maka da shi ba, don Allah bar karyarka ta huta.